Mako Guda a Tanti: Yadda 'Yan Sikawut Ke Rayuwa a Sansani

Da zarar an rufe makarantu don dogon hutu a Ingila ko Amurka, wato cikin Yuli da Agusta lokacin da zafinsu ke kan ganiya, sai ka fara ganin yara sanye da kaki, da ƙyalle naɗe a wuya, suna loda tantuna da tukwane a bayan mota. 'Yan sikawut ne za su tafi sansani. Shekara guda cur suna haɗuwa mako-mako a wani zaure ko filin makaranta, ana koya musu ƙulla igiya da karanta taswira, amma wannan fita ta mako guda, wani lokaci har kwana goma, ita kowa ke jira. A can ne ake bambance wanda ya iya da wanda ya haddace kawai.

Mai hange daga nesa zai ɗauka yawon shaƙatawa ne. Akwai shaƙatawar, babu musu. Sai dai wanda ya zauna ya bi yinin sansani tun daga asuba zai ga babban kaso nasa yana tafiya ne a kan ɗebo ruwa, hura wuta, girki, wanke-wanke da shara. Kuma ba manya ke yin aikin ba, ba su ne ma ke raba shi ba. Yaro ɗan shekara 13 ko 14 ne ke cewa wane ka yi kaza, wane ka yi kaza, shi ne kuma za a tuhuma idan ba a yi ba. Wanda bai gane wannan ba, bai gane sansanin ba.

Abin ya faro ne daga wani gwaji. A farkon watan Agustan 1907, wani hafsan sojan Birtaniya mai suna Robert Baden-Powell, wanda ya yi suna a yaƙin Afirka ta Kudu saboda riƙe garin Mafeking da ya yi na kwana 217 cikin ƙawanya, ya ɗebi yara wajen 20 ya kai su tsibirin Brownsea a gaɓar kudancin Ingila. Da gangan ya gauraya su. Wasu 'ya'yan masu hali ne daga manyan makarantu irin su Eton da Harrow, wasu kuma 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne daga garuruwan Poole da Bournemouth. Na farkon suka biya fam 1, sauran suka biya sule 3 da sisi. Ya raba su gida huɗu, kowane rukuni da sunan dabba ko tsuntsu, ya ɗora yaro guda a kan kowanne. Ƙarfe 6 na safe yakan tashe su da busa ƙahon wata dabbar dawa da ya zo da shi daga kudancin Afirka. Bayan abincin rana akwai hutun dole, da dare kuma a kewaye wuta ya ba su labari. A 1908 littafinsa Scouting for Boys ya fito, yara suka fara kafa rukunoni da kansu tun kafin a samu manyan da za su jagorance su. Zuwa 1915 harkar ta iso Nijeriya. Yau 'yan sikawut sun haura miliyan 50 a ƙasashe sama da 170, kuma Indonesiya ce ta fi kowace ƙasa yawansu. Tantuna sun canza, abinci ya canza, 'yan mata sun shigo, amma tsarin yinin da aka bi a Brownsea bai canza sosai ba.

Rukuni shi ne komai

Ƙungiyar sikawut ta unguwa ko ta makaranta takan ƙunshi rukunoni uku ko huɗu, kowanne da yara 6 zuwa 8. A Ingila shekarunsu daga 10 da rabi ne zuwa 14, a Amurka daga 11 zuwa 17. Kowane rukuni yana da shugaba da mataimaki daga cikin yaran, da 'yar tutarsa, da tantinsa, da murhunsa. Manyan da suka rako su sukan kafa nasu tantunan a gefe, inda za su iya hangen abin da ke faruwa ba tare da sun tsaya a kan yaran ba. Idan malamin sikawut yana son a gyara wani abu, ba ya ɗaga murya ga yara takwas. Shugaban rukuni yake kira ya gaya masa, shi kuma ya san yadda zai yi da mutanensa. Kamar babban yaya ne a gidan da iyaye suka yi tafiya: ba shi da bulala, ba shi da ikon korar kowa, amma tukunya sai ta hau wuta.

Kowane dare, bayan ƙananan sun kwanta, shugabannin rukunoni kan zauna da malami su duba yinin. Me ya tafi daidai, wa ke ƙin aiki, wa ya yi shiru da yawa yau, gobe me za a yi. A ganina wannan zaman shi ya raba sansanin sikawut da fitar makaranta ta yau da kullum, inda malami ke riƙe da komai tun daga kuɗin mota har kwanon abinci.

Ba ko'ina ake bin tsarin haka tsantsa ba. Yawancin manyan sansanonin Amurka wurare ne na dindindin, da ma'aikata, da tafki, da zauren cin abinci inda ake dafa wa ɗaruruwa lokaci guda. Ƙungiya takan zo ranar Lahadi ta tafi Asabar, yara kuma su yini suna zagaya darussan neman bajo, waɗanda nau'insu ya haura 130, daga iyo da harbin kibiya har ilmin taurari. Yaro kan koma gida da bajo huɗu ko biyar a aljihu. Yana da daɗi, amma yaron da aka zuba masa abinci a faranti mako guda ya rasa darasin da ya fi kowanne amfani. Shi ya sa ƙungiyoyi da dama, har a Amurkan, suke dagewa sai rukuni ya yi girkinsa.

Ranar isowa

Aikin farko shi ne zaɓen ƙasa, kuma kuskuren da aka yi a nan sai an biya shi mako guda. Ana neman wuri mai ɗan tudu, ba kwari ba, ba kuma busasshiyar hanyar ruwa ba komai laushin yashinta. Ba a kafa tanti a gindin babbar bishiya, duk da inuwar na jan rai: reshe na iya karyewa, aradu na iya faɗowa, kuma ko an ɗauke ruwa ganye zai ci gaba da ɗiga. Ana duba inda iska ke fitowa, a juya mata bayan tanti. Murhu ya zauna inda hayaƙi zai bi iska ya bar wurin kwana. Masai ya fi komai nisa, a ƙasan iska, nesa da inda ake ɗiban ruwa.

Sai kafa tantin kansa, wanda a ranar farko kan ci sa'a guda da gardama mai yawa. Turke ana buga shi ne a karkace, kansa na kallon waje, don ya yi gaba da jan igiya. Tsofaffin tantunan rukuni na zane mai kauri suna da halinsu: igiyarsu da zanensu kan ɗame idan sun jiƙe, saboda haka idan hadari ya haɗo, ko za a kwanta, sai a ɗan sassauta igiyoyin, in ba haka ba cikin dare su tumɓuke turaku. Kuma in ana ruwa ba a taɓa zanen daga ciki, don inda yatsa ya taɓa nan zai fara yoyo. Kowane sabon yaro sai ya gwada ya gani, sau ɗaya. Tampol ɗin shimfiɗa kada ya leƙo waje, don zai tara ruwa ya turo shi ƙarƙashin masu barci. Takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa. Abinci ba ya kwana a tanti, saboda tururuwa da ɓeraye. A sansanin sikawut na Philmont da ke duwatsun jihar New Mexico ta Amurka har rataye buhunan abinci ake yi can sama tsakanin itatuwa saboda manyan namun dawa. Wuta kuwa kowace iri ce, ko kyandir ko fitilar kananzir, ba ta shiga. Mafi haɗari shi ne kaskon gawayi da wani zai jawo ciki don jin ɗumi, domin yana fitar da guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci.

Safiya da duba-gari

Wajen ƙarfe 7 ake busa usur, amma masu girkin ranar sun riga kowa tashi, suna fama da itacen da raɓa ta jiƙa. Sauran su wanke ido, su fito da barguna su baza a rana, su naɗe gefen tanti sama don iska ta ratsa. A ci abinci, a wanke kwanuka, sannan a shirya wa abin da kowa ke ɗari-ɗari da shi, wato zagayen dubawa.

Ga yadda yake. Yara takwas sun jeru a gaban tanti, kowa da jakarsa da kwanonsa da cokalinsa a kan shimfiɗa. Malami ya iso, shugaban rukuni ya sara masa. Malamin ya bi layi a hankali. Ya duba hannuwa da farce. Ya sa a cire safa ya duba tafin ƙafa, saboda ƙaramin bororo da aka ƙyale yau shi zai hana yaro tafiya jibi. Ya leƙa bayan tanti ko akwai ledar alewa. Ya zo murhu ya ɗaga tukunya, ya zura yatsa ya zagaya gindinta daga ciki, ya ɗago yatsan yana ƙyallin maiƙo. Ba ya tambayar wa ya wanke. Shugaban rukuni yake kallo.

"Ka duba wannan?"

"Na duba, Malam."

"Sake dubawa."

Shi ke nan, an rage maki, malami ya wuce tanti na gaba. Yaron da ya yi wankin ya san kansa, sauran ma sun san shi, kuma gobe ba sai an gaya wa kowa ba. A kan tara makin har ƙarshen mako, rukunin da ya fi ya karɓi 'yar kyauta, sau da yawa abin da bai kai ya kawo ba, amma ka ga yadda ake kokawa a kansa. Gogaggen malami kan kuma yi wata tambaya a asirce, ko yaro ya zaga. Yaran birni da dama kan riƙe cikinsu kwana biyu ko uku saboda ƙyamar masan rami, kuma yawancin ciwon cikin tsakiyar mako daga nan yake.

Daga nan sai tuta. A al'adar Ingila akan naɗe tutar a ja ta sama a ƙudundune, ƙungiya ta tsaya rabin da'ira, sannan yaro guda ya fizgi igiya ta warware gaba ɗaya. In an yi naɗin ba daidai ba, sai ya yi ta fizga tana nan a dunƙule, kowa na danne dariya. A yi addu'a, a faɗi shirin yini, a watse.

Murhu

Abincin daren farko kusan kullum masifa ne. Shinkafa ta kama a ƙasa, sama kuma da gari-gari, miya babu gishiri ko ta yi yawa, duhu ya yi ana neman ludayi da tocilan. Malami na kallo daga nesa, kuma abin da ya fi masa wuya shi ne ya zauna inda yake. Zai tashi ne kawai idan akwai haɗari, ko in ya ga yara za su kwana da yunwa. Zuwa kwana na uku rukunin da ya yi ƙauri ranar farko yana gayyatar malami cin abinci, har da shimfiɗa masa wurin zama.

Abin da suka koya a tsakani ƙananan abubuwa ne. Wuta daga siraran ƙirare ake farawa, sai masu kaurin yatsa, sai manya, kuma a tara su duka kafin a ƙyasta ashana. Girki a kan garwashi ake yi, ba a kan harshen wuta ba. A rufe itacen gobe da leda tun da yamma. A shafa wa bayan tukunya sabulu kafin a ɗora, sai baƙin hayaƙi ya fita da wanki ɗaya. A ɗora ruwan wanke-wanke da zarar an sauke abinci, don ya yi zafi kafin a gama ci. Wankin kansa a roba uku ake yi, ta kumfa, ta ɗauraya, da ta ƙarshe mai ruwan zafi ko maganin kashe ƙwayoyin cuta. Inda aka yarda a yi haƙa, akan tona rami don ƙazamin ruwa, a gitta masa tsinkaye a rufe da ciyawa ta tace maiƙo da ɓarɓashi, a ƙone ciyawar kullum a sa sabuwa, don kada ƙuda su mayar da wurin gida. Ɗanyen nama da wuƙarsa daban. Ruwan da ba a yarda da shi ba a tafasa shi sosai. Hannu kuwa a wanke kafin girki da bayan zagawa, domin gudawa in ta shiga tanti ɗaya, kafin ka ce kwabo ta gama sansani.

Sara ma yana da wurinsa. Akan kewaye fili da igiya, mutum ɗaya ne ke shiga, da rufaffen takalmi, bayan ya tabbatar babu kowa kuma babu reshe a iyakar inda gatarinsa zai kai. Ba a ba yaro damar riƙe wuƙa ko gatari sai ya nuna ya iya, kuma in ya yi wasa da su a karɓe damar.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai iya yin murmushi a nan, kuma yana da gaskiya. Yarinyar ƙauye 'yar shekara tara ta fi yawancin waɗannan yara iya hura wuta, ɗan kiwo kuma ba ya bukatar a nuna masa inda ruwa ke kwanciya. Amma a kula da abu biyu. Yaron babban birni a nan ma, wanda ya tashi da murhun gas da ruwan famfo, ba shi da maraba da takwaransa na Landan. Sannan a gidajenmu da yawa namiji kan girma bai taɓa ɗora tukunya ba. A sansani babu yaya mace, babu ƙanwa, babu Inna. In bai dafa ba, mutum bakwai ne za su zuba masa ido.

Tsakanin abinci da abinci

Sauran yinin na horo ne da wasa, kuma da wuya a raba su. Ƙulli kaɗan ne ake nanatawa, kowanne da aikinsa: mai kwanciya lafiyau da ake ɗaure bandeji da shi, mai yin zobe da ba ya shaƙewa wanda ake jefa wa wanda ake son ceto, mai haɗa siririyar igiya da kakkaura, da mai kama sanda. Daga nan a koyi ɗaure itace da itace, har rukuni ya gina teburin girki, ko hasumiya, ko gada a kan rafi, babu ƙusa ko ɗaya. Gadar ita ke yanke hukunci, don masu ginin su ake sawa su fara hawa.

Akwai tafiya da taswira da kamfas, da bin alamun da wani rukuni ya bari a ƙasa da tsakuwa da tsinke. Akwai wani tsohon wasan kaifin ido da aka samo daga littafin Kim na Rudyard Kipling: a baza ƙananan abubuwa wajen 24 a faifai, a ba ka minti ɗaya ka kalla, a rufe, ka lissafo. Akwai wasan fili mai faɗi, inda rukunoni biyu ke ƙoƙarin sace tutar juna a cikin daji, wani lokaci da dare. Manyan yara kan yi tafiyar kwana guda su kaɗai, da jaka a baya, bayan an amince da hanyar da suka zana. Bayan abincin rana kuwa hutun nan na dole yana nan, sa'a guda kowa a inuwa, ko yana so ko ba ya so.

Ruwa shi ne inda ba a wasa. A sansanonin Amurka tun ranar farko ake gwada kowa a raba su uku, wanda ya iya iyo, mai koyo, da wanda bai iya ba, kowane aji da iyakar da ba zai wuce ba. Ba a shiga ruwa sai bibbiyu. Kusan kowane minti goma mai tsaro zai busa usur, kowa ya kama hannun abokinsa ya ɗaga sama, a ƙirga. Wanda aka samu ba ya kusa da nasa, a fito da su duka biyun.

Taimakon gaggawa ma kowa sai ya taɓa. Ƙyallen wuyan nan ba ado ba ne kawai, kusurwa uku gare shi don a iya rataye karyayyen hannu da shi. Ana koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ana kuma koya wa yaro ya kula da launin fitsarinsa, in ya yi duhu ya san bai sha ruwa isasshe ba.

Dare

In an sauke tuta, an ci abinci, sai a taru a wuta. Tana farawa da hayaniya, waƙoƙin amshi da 'yan wasannin kwaikwayo inda ake kwaikwayon malamai ba tare da tsoro ba. Yayin da itace ke cinyewa sai waƙoƙin su yi sanyi, malami ya ba da ɗan gajeren labari, a yi addu'a. Alkawarin sikawut tun asali yana ɗauke da haƙƙin Allah a kan bawa, shi ya sa ƙungiyoyin Musulmi ke gina jadawalinsu a kan lokutan salla, manyan taruka kuma kan ware wurin ibada ga kowane addini. Wajen ƙarfe 10 a kashe fitilu. Daren farko ba mai barci, ana ta ƙus-ƙus har tsakar dare. Daga dare na uku gajiya ta gama da kowa.

A tsakanin nan ne kewar gida ke kama ƙanana, yawanci da magariba ta biyu ko ta uku. Ba ya cewa yana kewar uwarsa, ciwon ciki zai ce, ko ya zauna shi kaɗai ya yi tagumi. Maganin da aka sani shi ne a ba shi aiki, a haɗa shi da wani, a tabbatar ya ci ya ƙoshi. Kiran gida da dare kan ƙara dagula abin, domin muryar uwa na karya sauran ƙarfin halin da ya rage. Wannan na cikin dalilan da ya sa ƙungiyoyi da yawa ke karɓe wayoyi tun ranar isowa, su ba iyaye lambar malami.

Abin da uba ko uwa ya kamata su tambaya

Barin yara su gudanar da kansu ba ya nufin manya su yi sakaci, kuma tarihin harkar yana da tabon da bai kamata a ɓoye ba. A 2020 ƙungiyar sikawut ta Amurka ta shiga kotun fatara saboda ƙararrakin cin zarafin yara, inda mutane sama da 80,000 suka shigar da ƙorafi a kan abubuwan da suka faru cikin shekaru da dama. Dokokin yau daga irin wannan suka fito. Dole a samu manya biyu aƙalla a kowace fita. Babba ba ya keɓewa da yaro inda ba mai ganinsu. Ba ya kwana a tantin yara. Maza da mata wurin kwanansu da wankansu daban, kuma in akwai 'yan mata dole a samu mace babba. Uban da zai sa hannu a takardar izini yana da haƙƙin ya tambayi waɗannan kai tsaye, ya kuma tambayi wa ya iya taimakon gaggawa, ina asibiti mafi kusa, akwai mota a wurin dare da rana, daga ina ruwan sha yake. Malamin kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya. In yaro yana da asma, ko sikila, ko abincin da ba ya jituwa da shi, a rubuta, kada kunya ta sa a ɓoye.

Kada kuma girman suna ya ruɗi kowa. A Agustan 2023 an yi babban taron sikawut na duniya karo na 25 a Saemangeum ta Koriya ta Kudu, da mahalarta wajen 43,000. Filin ƙasa ce da aka cike daga teku, babu itatuwa, zafi ya kai maki 35, bayan gida kuma bai wadatar ba balle tsafta. Ɗaruruwa suka kwanta rashin lafiya. Tawagar Birtaniya mai mutum wajen 4,500 ta tattara ta koma otal-otal a birnin Seoul, ta Amurka da ta Singafo ma suka janye, daga baya guguwar Khanun ta sa aka kwashe kowa kafin ranar rufewa. Inuwa, ruwa da masai ne suka kayar da taron da aka yi shekaru ana shiri, abubuwan da ake koya wa shugaban rukuni a makon farko.

A nan gida dogon hutu yana faɗawa ne tsakiyar damina, saboda haka abin da ke gabanmu daban ne. Batun kwari da hanyar ruwa ya zama na rai da mutuwa, don kwazazzabon da ya bushe da la'asar kan iya cika maƙil cikin dare da ruwan da aka yi a wani gari. Gidan sauro dole ne. Takalmi sai an kakkaɓe shi da safe saboda kunama, ba a kuma zura hannu ƙarƙashin dutse ko tarin itace. Halin tsaro ya sa fita daji ba abin da za a yi da ka ba ne a wurare da yawa, kuma babu laifi a yi sansani a cikin harabar makaranta mai katanga. Muddin rukuni ne ke girkinsa kuma yaro ne ke raba aiki, an samu abin da ake nema.

Ranar tashi ta fi ta isowa wahala, don ɗoki ya ƙare. A kwance duk abin da aka gina, a warware igiyoyi a naɗe. A kashe wuta da ruwa har sai an iya dafa tokar da hannu. A cike ramuka, a mayar da ciyawar da aka yanke aka ajiye tun ranar farko, a sa alama a inda masai yake don masu zuwa daga baya. Sannan yara su jeru kafaɗa da kafaɗa su taka filin daga wannan gefe zuwa wancan, suna tsince komai har tsinken ashana, shugabanni kuma su je su yi wa mai filin godiya. Tanti ne ake saukewa a ƙarshe don ya sha rana. In ruwa ya hana shi bushewa, to aiki ya biyo su gida, domin zanen da aka ajiye da danshi cikin 'yan kwanaki zai yi fumfuna ya ruɓe. Dole washegari a sake kiran yaran su baza shi a filin makaranta, mai kula da kaya kuma ya zauna ya ƙirga turaku da tukwane ya rubuta abin da ya ɓata.